Sunan maƙeri a jikin kayan takobin Japan: yadda masana ke karanta shi

A takobin mayaƙan Japan na dā, wato samurai, akwai wani faifan ƙarfe tsakanin mariƙi da ruwan takobi wanda ke kare hannu. Sunansa tsuba. Bayan da gwamnatin ƙasar ta hana yawo da takobi a shekarar 1876, waɗannan faya-fayai sun kwarara hannun dillalan kayan tarihi, har Turai da Amurka. Sau da yawa kuɗinsu ya rataya ne ga 'yan haruffan da maƙeri ya sassaƙa a gefen ramin tsakiya.

Ana karanta rubutun daga sama zuwa ƙasa, layin dama kafin na hagu. Galibi na dama shi ke faɗin lardi ko garin maƙerin, na hagu kuma sunansa. In an ga harafin da ake furtawa "ju", ma'anarsa mazaunin wuri kaza. "Saku" kuwa, shi ya ƙera. Wasu sukan ƙara tambarinsu, "kao".

To amma iya karatu ba shi ne sanin kaya ba, kamar yadda duk mai sayen atamfa ya san sunan da ke bakin turmi ba ya hana jabu. Harafi ɗaya yana iya samun furuci biyu ko uku, ga kuma ɗa ko almajiri da kan gaji sunan maigidansa. Alal misali, faya-fayan da ke ɗauke da sunan Kaneie, mazaunin Fushimi a yankin Kyoto, sun fi ƙarfin abin da mutum ɗaya zai ƙera a rayuwarsa. Kaɗan ne masana suka yarda nasa ne. Sa hannun ƙarya har suna gare shi, "gimei".

Abin mamaki, Goto Yujo, wanda ya rasu a 1512 kuma ya kafa gidan maƙeran da ya fi kowanne suna, ba ya sa hannu. Zuriyarsa ce daga baya ta riƙa ba da takardar shaida. Ke nan marar suna yana iya fin mai suna tsada nesa ba kusa ba.

Shi ya sa masana ke fara duba ƙarfen da salon aikin, sannan sunan: zurfin sara, da inda kowane zane ya fara ya ƙare. Na zubi, haruffansa a dakushe suke. Ƙungiyar NBTHK ta birnin Tokyo, wadda aka kafa a 1948, ba ta ba da takarda ga faifan da ta gano sunan da ke jikinsa na ƙarya ne.