Ko Kun Sani? Masu Hawa Dutse da Masu Gangara Kogi

Ko kun sani cewa a ƙarshen hunturu, sa'ad da ma'abota wadata suke ɗaukar hutu su haura manyan duwatsu domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda har a nahiyarmu ana yinsa a Oukaïmeden ta ƙasar Maroko, bisa tsayin da ya kai mita 2,600, su kuwa Kabawa, da yake Allah bai hore musu tsaunuka ba sai ya azurta su da fadama, gangarawa suke yi da baƙinsu zuwa kogin Matan Fada domin bikin kamun kifin Argungu?

Bikin kamun kifin Argungu ya samo siffarsa ta yau a shekarar 1934, yayin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta tabbatar da sulhu bayan adawa mai tsawo tsakanin Sakkwato da Kabi. Ba a shiga ruwa sai da iznin Sarkin Ruwa. Da an ba da alama kuwa, sai dubban masunta su auka gaba ɗaya, kowa da homarsa a hannu, ya kifa ciki a kan ƙaton gora wanda shi ne jirginsa, shi ne kuma ma'ajin kifinsa, yana farautar giwan ruwa. Hikimar goran nan, a ganina, ta cancanci yabo fiye da yadda ake yi mata. A 2016 hukumar UNESCO ta shigar da bikin cikin gadon al'adun bil'adama.