Shari'a Tana Gaban Alƙali, Tukunya Ta Sauka Daga Murhu

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na gaji da jinta a majalisun Maraɗi, har ta kai Tibiri da Jiratawa, wai da zarar mace ta kai ƙarar mijinta, to haƙƙinta na ci da sha ya faɗi, sai ka ji magidanci yana cewa tun da ta zaɓi alƙali, alƙalin ya auna mata hatsi.

Wannan ƙiyasi ɓatacce ne, domin igiyar aure ba ta tsinkewa da sammaci, kuma muddin tana nan nafaƙa wajiba ce, kamar yadda duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ko Muhtasar ya sani. Masu wannan da'awa suna fakewa da nushuzi, alhali neman haƙƙi gaban mahukunta ba tawaye ba ne. Wadda aka saka saki na kome ma tana da nafaƙa har iddarta ta cika, mai ciki har ta haihu, 'ya'ya kuwa ba su shiga husumar ba balle a hore su da yunwa. Ni dai ban taɓa ganin mai wannan fatawa ya rage wa kansa kuɗin shayi ba. Talauci ma yana hana wasu ciyarwa, wannan daban.

Kasancewar Nijar ba ta da kundin dokar iyali, kotuna kan bi al'adar ma'aurata a sha'anin aure da saki, alƙali yana zama da masana al'ada, sarakuna kuma ikonsu na sulhu ne. Shari'a takan ja watanni, shi ya sa ake yanke hukuncin wucin gadi kan ciyarwa da mazauni kafin a kai ga na ƙarshe.

Saboda haka, 'yar'uwa, ki roƙi wannan hukunci na wucin gadi tun zaman farko, da bakinki, kada kunya ta hana ki. Ki fayyace tiya nawa gidan ke ci, jika nawa ta cefane da magani da haya. In a fada aka sasanta, a rubuta, a sa hannu gaban shaidu, ki adana takardar. Kai kuma maigida, duk abin da ka bayar ka bayar gaban shaida, ka kuma sani abin da ka hana alhali kana da hali bashi ne a wuyanka, za a bi ka shi ko bayan an rabu.