Kafin ka ɗauki iyali zuwa Brighton

Yawancin ma'aikatanmu da Allah Ya hore wa halin zuwa hutu Ingila, tafiyarsu ba ta wuce kantunan Landan da ganin likita, su dawo da akwatuna cike, amma ba su ga ƙasar ba. Shi ya sa nake bai wa abokan aiki shawarar su ware kwana uku su gangara Brighton, birnin da ke bakin teku a kudancin Ingila, tafiyar kimanin awa ɗaya a jirgin ƙasa daga tashar Victoria. Sai dai kuma shawara ce mai sharaɗi, domin gari ne da ya yi suna wajen barin kowa ya yi abin da ya ga dama.

Jami'o'i biyu ne suke ba garin launinsa: Jami'ar Sussex da aka kafa a 1961, inda Thabo Mbeki ya yi karatun tattalin arziki, da kuma Jami'ar Brighton. Ɗalibai da masu zane da mawaƙa su ne suka cika lungunan da ake kira North Laine, kuma mazaɓar tsakiyar garin ce ta fara tura 'yar jam'iyyar masu rajin kare muhalli, Caroline Lucas, majalisar dokokin Birtaniya a 2010.

Saboda haka abu na farko da mai shirin tafiya zai duba shi ne kalanda, kafin ma kuɗin otal. A farkon watan Agusta ake gudanar da gagarumin bikin masu neman jinsi ɗaya, garin ya cika ya batse, ɗakunan kwana su yi tsada, kuma magidancin da ya sauka da yara a wannan makon zai sha tambayoyin da bai shirya amsa su ba. Haka nan akwai wani yanki na bakin tekun, can gabas, da hukuma ta keɓe wa masu wanka tsirara tun 1980. Wanda ya san da shi ba zai bi ta can ba. Ni a ganina watan Mayu ya fi, lokacin bikin fasaha da adabi da ake yi tun 1967, ko kuma Satumba bayan an koma makaranta. Mai zuwa a Yuni kuwa ya sani rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, don haka Isha'i tana yin nisa ƙwarai.

Akan ce in ka je gari ka iske kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Brighton ba ta neman wannan daga baƙo. Halin nan na rashin sa ido da ya bar wani ya rina gashinsa kore, shi ne dai ya bar matarka ta yi yawo da hijabinta, kai da babbar rigarka, ba mai waiwayenku. Akwai masallaci a titin Dyke Road, abincin halal ma ba ya wuyar samu.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne tarihin wata kalma. Shaihu Din Muhammad, wanda Turawa ke rubutawa Sake Dean Mahomed, an haife shi a Patna ta Indiya a 1759, kuma shi ne Ba'indiye na farko da ya wallafa littafi da Ingilishi, a 1794. Da ya zauna a Brighton sai ya buɗe gidan wankan sirace da tausa, har ya zama mai yi wa Sarki George na Huɗu tausa. Da kalmar Hindi "champo", wato matsa ko tausa, aka san sana'ar tasa. Daga baya ma'anar ta zame daga tausa ta koma wankin gashi, ta biyo 'yan kasuwa har ta iso kantunanmu a matsayin shamfu. A garin ya rasu a 1851, kabarinsa yana harabar cocin St Nicholas.

Shi wannan sarki, tun yana yarima, ya sa John Nash ya mayar masa da gidan shaƙatawarsa fada mai ƙubbobi da hasumiyoyi, wadda mai hangen ta daga nesa zai rantse masallaci ne. Ita ce Royal Pavilion. Daga 1914 zuwa 1916 an mayar da ita asibitin sojojin Indiya da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har da ɗakunan girki daban na Musulmi da na Hindu. Wannan kaɗai ya isa yini guda, musamman ga mai ɗa a sakandare.

Game da tekun kuwa, kada mai karatu ya sa ran yashi irin na Legas. Tsakuwa ce zalla, ruwan kuma da sanyi ko a tsakiyar bazararsu, ga iska mai ratsa ƙashi da yamma. A tafi da takalmi mai kauri da rigar sanyi, a kuma kama ɗaki tsakanin Litinin da Alhamis, domin daga Juma'a mutanen Landan ke kwararowa, farashi ya tashi.