Yadda Kwarori Ke Dafa Gahawa

Ka san Kwarori, mutanen ƙasar Lebanon masu ciniki a Kano. Yadda mu ke miƙa wa baƙo goro, haka su ke ba shi gahawa a ƙasarsu. Wanda ya kawo ta a lalace ya kunyata gidansa.

Ga yadda a ke yi. Ana soya 'ya'yan gahawa, a niƙa su laushi kamar gari. Waɗansu kan haɗa da wani abin ƙamshi, sunansa hel. Suna da 'yar tukunya mai doguwar mariƙa, ana ce da ita rakwa. Ka auna ruwa da finjali, kowane mutum finjali guda, ka ɗora a wuta. In ya tafasa ka sauke, ka zuba wa kowane finjali garin gahawa cike da ƙaramin cokali, ka motsa.

To, nan aikin ya ke. Ka rage wuta, ka mayar, kada ka ɗauke idonka. Da kumfa ya taso, sai ka ɗaga tukunya ya kwanta. Ka yi haka sau uku. In ka shagala, sai ta malale cikin wuta, ka yi hasara.

Sukari tun a wuta a ke sa shi, saboda haka ka tambayi baƙo tukuna. Amma a gidan makoki da ɗacinta a ke sha.

Sa'an nan ka dakata kaɗan gari ya kwanta, ka zuba, ka fara miƙa wa babba. In kai aka ba, ka kurɓa sannu, ka bar tukar a gindin finjali.