Zaiba a cikin robar man shafawa

A Gombe, gyaran jikin amarya ya daɗe da wuce dilka da halawa. Yanzu akwai "haɗi", man da ake cakuɗawa a gida a zuba a roba, babu suna, babu lambar NAFDAC, sai alkawarin haske cikin mako biyu. Ba kowane man bilicin ne ke ɗauke da zaiba ba, wasu da sinadaran da suka bambanta ake haɗa su. Amma mai saye a Tsohuwar Kasuwa ko a WhatsApp ba ta da hanyar ganewa, domin gishirin zaiba ba ya wari, ba ya kuma ƙyalli irin na zaibar da masu haƙar zinariya a Zamfara ke kama gwal da ita.

Aikin zaiba shi ne hana fata yin sinadarin da ke ba ta duhu. Shi ya sa take "ci" da wuri. Sai dai ba ta tsayawa a fata. Tana ratsawa cikin jini ta taru a ƙoda, kuma ƙoda ba ta da saurin kuka. Fitsari ya fara kumfa, ƙafa da fuska su kumbura, alhali ana ta yaba kyan amarya. Daga baya ga karkarwar hannu, ciwon dasashi, rashin barci, mantuwa da saurin fushi, waɗanda a gidajenmu tuni an ɗora wa iska ko kishiya. Tun 1972 likitoci a Nairobi suka danganta ciwon ƙodar 'yan mata da irin wannan mai. Jariri ma yana samun rabonsa, ta mabiyiya, ta nono, har ta tawul ɗin uwa.

Duniya ta farga da haɗarin zaiba ne bayan bala'in Minamata a Japan, inda a 1956 aka gano cutar da dagwalon masana'antar Chisso mai ɗauke da zaiba ya jawo ta hanyar kifi. Yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013 sunan garin ta ɗauka, Najeriya kuma tana ciki. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa.

Magani yana farawa da daina shafawa. A tafi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a riƙe robar a hannu, a gwada fitsari da aikin ƙoda. Idan zaibar ta yi yawa, likita kan ba da DMSA ko DMPS, masu kama ta su fitar ta fitsari. Ƙoda takan farfaɗo idan an yi hanzari, jijiyoyi kuwa ba kullum ba. Madara da tsamiya ba sa wanke zaiba.