Takalmin Tahiya Mai Nisa

Ƴan'uwa, ƙafa ita ce motar talaka. Ita ke kai mu gona, ita ke kai mu rijiya da kasuwa. Mutum mai lahiya yana cin kilomita 4 ko 5 cikin awa guda. In kasuwa tana da nisan kilomita 10, zuwa da dawowa tahiyar awa 4 ke nan ko hiye. Ƙafar da ke wannan aiki ta cancanci takalmi na kirki.

A watannin Afirilu da Mayu zahi yakan wuce awo 40. Rairayi yana ƙuna kamar toka mai wuta. Ga tsidau, ga ƙayar aduwa, ga kunama. Da damina kuma akwai wata tsutsar ciki da ke shiga jikin mutum ta fatar ƙafa, in yana taka ƙasa mai danshi da ƙazanta ba takalmi. Tana shan jini, ta bar mutum ba ƙarhi.

Bara wani ɗan ajinmu ya tahi kasuwa da silifa. A hanya igiyar ta tsinke, ƙaya ta soke shi, wurin ya yi ruwa. Ranar da aka yi ruwan shuka yana kwance. Kahin ya tashi, ƙasa ta bushe. Kun ga, silifa ta wanka ce da tsakar gida, ba ta daji ba.

To, mi za mu duba in za mu saye?

Na ɗaya, ƙasan takalmi. Ya zama mai kauri, yadda ƙaya ba ta huda shi. Amma a lanƙwasa shi a gani: ya kamata ya lanƙwashe wajen yatsu. Na taya yana da ƙarko, sai dai nauyi.

Na biyu, maɗauri. A nemi mai maɗauri ta bayan dunduniya. In babu shi, yatsu ne ke riƙe takalmi, ƙafa kuma ta gaji da wuri. Mai maɗaurin da ake sassautawa ko a matse ya hi.

Na ukku, awo. Kada a dogara ga lamba kaɗai, don lamba 42 ta wani takalmi ba ta zama daidai da ta wani. A gwada da marece, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. A sa duka biyu, don sau da yawa ƙafa guda ta hi guda girma. A tashi tsaye, a taka. A bar wuri kamar faɗin yatsa guda a gaba. Dunduniya kuma kada ta leƙo waje.

Na huɗu, abin da aka yi shi da shi. Na fata, irin wanda dukawan Damagaram da Tawa ke ɗinkawa, yana da daɗi da rani. Amma ba ya son ruwa. In ya jiƙe, a shanya shi a inuwa, a shafa mishi mai. Na roba ya dace da damina, sai dai da rana yana ɗaukar zahi, yana sa zuffa.

Sabon takalmi ba a fara doguwar tahiya da shi, yana sa bororo. A riƙa sa shi kwana 3 ko 4 cikin gari tukuna. Mai ciwon sukari kuwa ya duba ƙafarshi kullum. In ya ga rauni, ko ƙarami ne, ya tahi gidan likita.

Araha ba ta ado. Gara mu sayi guda mai kyau ya kai mu shekara, da mu sayi ukku su bar mu a hanya.

Tambayoyi:
1. Don mi ake gwada takalmi da marece?
2. Wane takalmi ya dace da damina?