Ziyarar Kwana Biyu A Birnin Kudu Da Gwaram

Ba sai an je ƙasar waje ake ganin kayan tarihi ba. A Birnin Kudu, Jihar Jigawa, akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Mutanen zamanin da sun zana shanu a jikinsu, wasu masu dogayen ƙaho, marasa tozo. Akwai kuma duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa in an buga su.

Mai ziyara yana iya zuwa ran Asabar, ya kwana a wani ƙauyen Gwaram, ya koma gida Lahadi. Ya fara gaida dagaci, shi zai haɗa shi da mai masauki.

A yi hattara, kada a yi rubutu da gawayi ko fenti a kan zanen. In ya goge, 'yan baya sun yi asara.